Yadda Ake Auna Tsohuwar Amfilifayar Jitar Jaz: A Saya a Gida da Tsada Ko a Yi Oda Daga Waje

Wani lokaci makaɗin jita kan ji labarin akwai tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jita, a hannun wani, wataƙila a ɗakin ajiyar wani coci a Jos ko Kaduna, ko a shagon kayan hannu a kasuwar Alaba ta Legas, ko wurin wani tsohon makaɗin otal a Yamai. Ya je ya gani da idonsa: Fender ce, ko Polytone, ko Roland, irin wadda ya daɗe yana buri. Sai mai ita ya ambaci kuɗin da zai sa mutum ya nemi wurin zama. Makaɗi ya ciro waya ya duba, ya ga irinta a Amurka a rabin wannan kuɗi, nan take zuciya ta ce masa ai wannan cuta ce, gara ya yi oda.

Ɗan'uwa, dakata tukuna. Kuɗin da ka gani a waya na amfilifayar da ke zaune a ɗakin wani ne a Amurka. Kai kuwa wadda kake so ita ce wadda ta iso ɗakinka lafiya, take shan wutar garinku, kuma ba ta gurnani. Tsakanin wancan ɗaki da naka akwai zango da yawa, kowane zango da abin da zai ci a aljihunka. Sai ka haɗa su duka kafin ka san ko mai kayan ya tsawwala ko bai tsawwala ba. Ga yadda ni nake bi.

Mataki na 1: Ka san ko wace iri ce a gabanka

Kiɗan jaz yana son sauti mai tsabta, mai kauri, wanda ba ya dusashewa ko an ƙara murya. Tsofaffin amfilifayoyin da suka yi suna a wannan fanni gida biyu ne.

Gida na farko masu bawul ne, wato kwalaben gilashin nan masu kama da ƙwan fitila da ke yin ja idan sun ɗauki zafi. A nan Fender ce kan gaba. Twin Reverb mai baƙar fuska, wato farantin gabanta baƙi ne, wadda aka ƙera daga 1963 zuwa 1967, tana da ƙarfin wat 85, sifika biyu masu inci 12, da bawul goma, huɗu daga ciki manya ne samfurin 6L6. Ƙanwarta Deluxe Reverb wat 22 ce, sifika ɗaya. Daga 1968 kamfanin ya sauya fuskar ta koma ruwan azurfa, ya riƙa taɓa tsarin cikin kaɗan-kaɗan, har a ƙarshen shekarun 1970 Twin ta kai wat 135. Masu tara kayan tarihi sun fi ɗaukaka mai baƙar fuska, shi ya sa kuɗinta ya fi. Amma ga mai kiɗan jaz da tsabtar sauti kawai yake nema, mai fuskar azurfa tana biyan buƙata sarai, kuma ni ita na fi ba mutane shawara a kai.

Gida na biyu masu taransista ne, wato ƙananan kayan lantarki da ke yin aikin bawul ba tare da gilashi ba. Polytone, wadda Tommy Gumina ya kafa a Kalifoniya a 1968, ta fito da Mini-Brute, ƙaramar akwati mai murya mai duhu da kauri da shahararren makaɗin jitar jaz Joe Pass ya yi shekaru yana kiɗa da ita. Sai Roland JC-120 ta Japan da ta fito a 1975, mai sifika biyu, kowace da wat 60 nata. Akwai wani abu game da wannan Roland da mai sayarwa ba zai tuna maka ba: har yau ana ƙera ta. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin abin da babu irinsa a kan JC-120, ka nuna masa kuɗin sabuwa. Polytone kuwa an daina ƙera ta, to a nan maganar ƙarancin kaya tana da ɗan tushe.

Mataki na 2: Ka tabbatar da shekarunta da abin da ke cikinta

Yawancin tsadar tsohuwar amfilifaya a kan kalma ɗaya take rataye: asali. In kalmar ta faɗi, kuɗin ma ya faɗi. Saboda haka kada ka yarda da baki, ka ɗauki tocila ka leƙa bayan akwatin.

Kamfanonin Amurka na wancan zamani suna buga lamba a jikin kayan da suka ƙera. Lambobi uku na farko na kamfanin ne, sauran kuma shekara da mako. A jikin sifika, 220 na nufin Jensen, 465 Oxford, 328 Utah. A jikin taransifomar Fender za ka fi ganin 606, wato Schumacher. A bayan mamurɗan murya, 137 na CTS ne, 304 na Stackpole. Idan ka ga 137 6532, an ƙera wannan mamurɗi a mako na 32 na 1965. A jikin sifika da taransifoma sau da yawa lamba ɗaya ce tak ke nuna shekara, kamar 606-5-20, to sai ka haɗa da kamannin akwatin ka gane ko 1965 ake nufi ko 1975.

A cikin akwatin Fender, a gefe, akwai wata takarda da aka manna mai nuna jerin bawul. A na shekarun 1950 zuwa 1967 akan buga haruffa biyu da tawada a kanta. Na farko shekara ne, na biyu wata: N na nufin 1964, O 1965, P 1966, sannan A Janairu, B Fabrairu, haka har Disamba. OC kenan Maris na 1965. Amma kada takardar kaɗai ta ruɗe ka. An san cewa kamfanin ya ci gaba da manna tsofaffin takardu masu lambar AB763, wato lambar tsarin cikin masu baƙar fuska, a kan wasu masu fuskar azurfa bayan an riga an sauya tsarin cikinsu.

Abin da kake nema shi ne lambobin su yi kusa da juna, tazarar 'yan watanni. Idan taransifomar sauti ta nuna wata shekara dabam, ko babu lamba ko kaɗan, an canza ta ko an sake naɗa ta. Wannan ba ya hana amfilifaya yin daɗi, amma ya fitar da ita daga sahun kayan tarihi, kuma dole kuɗi ya sauko sosai. Canza sifika ma yana rage daraja, sai dai bai kai na taransifoma ba. Akwai kuma canjin da alheri ne: sababbin kafasitocin tace wuta, wato kayan cikin da ke ajiye wuta suna daidaita ta, da sabuwar wayar soket mai baki uku. Wanda ya yi maka alfahari da cewa tun 1966 ba a taɓa kwance ta ba, a zahiri yana gaya maka ne aikin gyara na jiranka.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: kada ka kwance ƙarfen cikin amfilifaya mai bawul da hannunka. Akwai wuta sama da bolt 400 a ciki, kuma kafasitoci kan riƙe ta ko bayan an zare soket. Ka tafi da mai gyaran da ya san aikin, ka biya shi kuɗin ranarsa.

Mataki na 3: Ka saurare ta da kyau, ba cikin gaggawa ba

Wannan ita ce babbar fa'idar saye a gida, wadda oda ba za ta taɓa ba ka ba, don haka ka ci moriyarta har ƙarshe. Ka tafi da jitarka da wayarka, waɗanda kunnenka ya saba da su.

Kafin a kunna, ka zaro fis ka duba. Idan ka tarar an naɗe shi da zaren waya ko takardar kwalin sigari, ka san tana ƙona fis ne aka rufe bakin matsalar. Ka sansana bayan akwatin, ƙaurin taransifomar da ta taɓa ƙonewa ba ya ɓuya.

A kunna, a ba ta minti ɗaya ko biyu ta ɗumama. Ka mayar da murya sifiri ka kasa kunne. 'Yar shessheka kaɗan ba laifi ba ce, JC-120 ma an san ta da ita tun tana sabuwa. Gurnani mai kauri da ba ya raguwa ko an kashe murya shi ne alamar kafasitocin tace wuta sun gaji. Ka murɗa kowane mamurɗi daga farko zuwa ƙarshe. Ƙas-ƙas yawanci ƙurar hunturu ce, ana wanke ta da feshi. In sauti na ɗaukewa gaba ɗaya a wani wuri, mamurɗin ya cinye.

Sai ka yi kiɗa. Ka danna tsirkiya mafi kauri ita kaɗai, ka bar sautin ya mutu da kansa. In ka ji kamar ana goga takarda a ƙarshensa, sifika na gugar ciki. Ka haɗa tsirkiyoyi huɗu irin haɗin jaz mai sautuka kusa da juna, ka ƙara murya zuwa inda za ka yi kiɗa tare da mai ganga. Kowane sauti ya kamata ya fito da kansa. In sun cakuɗe, ko ka ji wani baƙon sauti na bin naka a ƙasa kamar inuwa, akwai gyara. Ka leƙa manyan bawul a wuri mai duhu: ɗan ja a tsakiya daidai ne, amma idan faffaɗan ƙarfen cikin ya yi jawur kamar garwashi, a kashe nan take.

Ka bar ta a kunne aƙalla minti 40 kana kiɗa. Laifuffuka da yawa sai ƙarfe ya yi zafi suke fitowa, musamman tsohuwar dalma da ta tsage. Mai sayarwar da ya ƙi ba ka wannan lokaci ya riga ya ba ka amsa.

Mataki na 4: Maganar wuta

A nan ne masu oda suka fi yin kuka. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100, tamu kuwa a Nijeriya da Nijar 220 zuwa 230. Amfilifayar da aka ƙera don kasuwar Amurka, in ka soka ta kai tsaye a soket ɗinmu, cikin daƙiƙa kaɗan ka yi asarar fis in ka yi sa'a, in ba ka yi ba taransifoma. Na ga wadda ta iso lafiya bayan wata biyu a hanya, wani yaro mai taya jera kaya ya soka ta a bango a daren farko, hayaƙi ya tashi. Har yau abin na yi mini ciwo idan na tuna.

Maganinsa taransifomar rage wuta ce mai ƙarfin da ya kai kusan ninki biyu na abin da amfilifayar ke sha. Twin na shan kimanin wat 260, to ka nemi mai wat 500 ko fiye. Ka ɗaure wayar amfilifayar da ita yadda ba mai iya raba su cikin kuskure. Sai dai ka sani, wannan taransifoma bolt kawai take ragewa. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, kuma taransifomar da aka naɗa don 60 takan fi ɗaukar zafi a kan 50. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato da ke haura digiri 40, ka ga dalilin da ya sa ƙaramar fanka a bayan akwati ta zama dole. Wasu Fender da aka ƙera don fitarwa ƙasashen waje suna da maɓallin zaɓen bolt a baya. In ta gida da ake tsawwala maka tana da shi, wannan kaɗai ya cancanci ƙarin kuɗi.

Sannan ga hawa da saukar wutar Nepa da ta janareta. Bawul ba ya son wuta ta wuce kima, yana rage masa kwana. Sitabilaiza mai kyau tana cikin lissafi ko ta gida ka saya ko ta waje.

Tambaya ta ƙarshe a wannan mataki: wa zai gyara maka ita? Masu gyaran kayan taransista suna kowace kasuwa. Waɗanda suka san bawul kuwa sun yi ƙaranci, yawanci dattawa ne da suka koyi aiki a zamanin tsohuwar rediyo da talabijin. Su kansu bawul ɗin daga waje ake kawo su, kuma masana'antunsu kaɗan ne suka rage a Rasha da Sulobakiya da Sin, shi ya sa a 2022 da yaƙin Yukiren ya ɓarke suka yi wuya, kuɗinsu ya tashi. In babu mai gyaran bawul a inda kake, ka karkata ga Roland ko Polytone, za ka fi samun kwanciyar hankali.

Mataki na 5: Ka fitar da ainihin kuɗin oda

Ka fara da kuɗin da aka sayar, ba wanda ake nema ba. A shafukan saye da sayarwa na intanet, Reverb da eBay, duka ana iya duba kayan da aka riga aka sayar da nawa aka sallama su. Ka duba guda biyar ko shida masu shekara da lafiya irin wadda ke gabanka, ka ɗauki na tsakiya.

Sai dako. Kamfanonin aika kaya ta jirgin sama suna auna nauyi, suna kuma auna girman kwali, su caje ka da wanda ya fi yawa. Lissafin girman shi ne tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000. Twin tana da nauyin kilo 29 ko fiye. In an naɗe ta yadda ya kamata a kwali mai 80 da 65 da 40, lissafin zai ba da kusan kilo 42, kuma kuɗin 42 za ka biya. Ta ruwa ya fi sauƙi amma sai ka yi haƙurin watanni, ga danshin teku. Masu tunanin ba wa ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya ya riƙo musu, su tuna yawancin jirage kilo 23 suke ba kowace jaka, kuma ba sa karɓar ɗaya da ta wuce 32. Mini-Brute za ta shiga, Twin da kwalinta ba za ta shiga ba.

Kwastan kuma ba a kan kuɗin kaya kaɗai suke lissafi ba. Suna haɗa kuɗin kaya da dako da inshora, su ɗora kuɗin fito a kai, sannan harajin VAT ya hau kan jimlar, wanda a Nijeriya kashi 7.5 ne cikin ɗari tun Fabrairun 2020, a Nijar kuma kashi 19. Amfilifaya tana ƙarƙashin lambar kaya 8518. Ka ba ejan mai lasisin fitar da kaya daga kwastan wannan lamba ya rubuto maka duk abin da za a biya kafin ka tura ko sisi.

Ga misali, da lambobin da na ɗauka don nuna hanyar lissafi kawai. A ce ta gida ana neman abin da ya kai dala 2,600, irinta kuma ana sayarwa dala 1,200 a Amurka. A ce dako 500, inshora 30, sun zama 1,730. A ce fito kashi 20 ne, wato 346. VAT a kan 2,076 ya kama 156. Ejan da motar kawowa gida, a ce 100. Jimla 2,332. Ka ga ratar da ta fara a 1,400 ta dawo 268. Ba a ma sa kuɗin canji na banki ba, ba a sa abin da naira za ta iya yi tsakanin ranar biya da ranar fito ba, kuma duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kuɗin gyaran farko da na taransifomar rage wuta ka sa su a ɓangarorin biyu, sai in ta gida an riga an yi mata.

Mataki na 6: Ka yanke, sannan ka yi tayi

Ga ma'aunina. Idan ta gida ta ci gwajin ido da na kunne, kuma kuɗinta bai wuce jimlar oda da fiye da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ba, ka saya. Wannan ƙarin kuɗin jin sautinta ne kafin biya, da tsira daga fashewar hanya. Wadda ka yi oda in ta zo da matsala, mayar da ita zai ci kusan abin da ya kawo ta, don haka a aikace babu mayarwa.

Idan kuwa ratar ta kai rabi ko ninki, ko lambobin ciki sun ƙaryata shekarun da aka faɗa, to an tsawwala da gaske. Kada ka ce wa mai kaya ya cika tsada kawai, zai ce albarka ku rabu. Ka zauna da shi cikin mutunci ka nuna masa takardar lissafinka da jerin gyaran da mai gyara ya gano, kowanne da kuɗinsa, ka yi tayi a kan haka. Masu neman irin wannan kaya a garuruwanmu ba su da yawa, shi ma ya sani. In ya ƙi, ka bar masa lambarka. In akwai dillali a tsakani, a yanke maganar la'ada tun farko, kuma kada ka ba da kafin alƙalami sai an gama gwaji.

Akwai hanya ta uku da nake so ka riƙe a zuciya lokacin ciniki, domin tana hana mutum rawar jiki. Ana ƙera sababbin amfilifayoyin jaz masu sauƙin ɗauka: DV Mark Little Jazz ta Italiya, AER Compact 60 ta Jamus, Henriksen da Quilter na Amurka, ƙananan Roland irin JC-40 da JC-22, har da Tone Master Twin Reverb da Fender ta fitar a 2019, mai nauyin kilo 15 kacal kuma babu bawul a cikinta. Ga wanda ke kiɗa a otal ko coci kowane mako, yana ɗora kaya a Keke Napep, ɗaya daga cikinsu ta fi masa tsohuwar Twin amfani nesa ba kusa ba.

Mataki na 7: In oda ce ta ci

Ka fara nema a Ingila da Jamus da Faransa kafin Amurka ko Japan, saboda wutarsu bolt 230 ce mai bugu 50 irin tamu, ka huta da taransifomar rage wuta. Ka nemi mai sayarwa ya turo hoton lambobin taransifoma da sifika, da bidiyon da aka kunna ta aka yi shiru na ɗan lokaci kafin a fara kiɗa, don ka ji ko tana gurnani. Ka biya ta hanyar da ke kare mai saye, kada ka tura kuɗi kai tsaye asusun wanda ba ka sani ba komai daɗin bakinsa.

Ka rubuta masa yadda kake so a naɗe ta. A cire bawul duka, a sa wa kowanne lambar raminsa, a naɗe su ɗaya-ɗaya a ƙaramin kwali dabam. A tokare akwatin da ke ƙasa mai naɗaɗɗun zaren ƙarfe a ciki, mai ba da amsa-kuwwa, don kada ya yi ta karo. A rufe gaban sifika da kwali mai tauri, a sa kumfa mai kauri santimita biyar a kowane gefe, sannan kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya. Ka sayi inshora a kan cikakken kuɗin, kuma kada ka yarda a rage kuɗin a takarda don gudun fito, domin in ta fashe abin da aka rubuta shi za a biya ka.

Ranar da ta iso, ka ɗauki bidiyo tun daga yanka kwalin. Ka karanta bolt ɗin da aka rubuta a bayanta da idonka ko da mai sayarwa ya riga ya faɗa maka. Kada ka kunna ta a gida. Ka kai wa mai gyara ya mayar da bawul a ramukansu, ya duba fis da wayar ƙasa, ya fara ba ta wuta ta cikin ƙwan fitila mai zare da aka jona a layi ɗaya da ita. In ƙwan ya haska ya dushe, lafiya lau. In ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke haɗewa a ciki, sai a kashe a nemo wurin kafin a sake gwadawa.